Raɗin Suna a Sararin Samaniya: Su Wa Ake Karramawa da Duwatsun Falaki?

Duk wanda ya taɓa kwana a waje lokacin bazara a ƙasar Rano ko Kibiya, sa'ad da zafi ya kori kowa daga ɗaki aka baje tabarmi a tsakar gida, ya san abin da kan biyo baya idan wani haske ya keta sama, miƙe kamar an harba kibiya, ya ɓace kafin ƙiftawar ido. Yaro zai yi nuni da yatsa, tsohuwa ta yi a'uziyya, wani kuma daga gefe ya ce lalle wani babban mutum ya kwanta dama a daren nan. Da yawanmu da wannan magana muka tashi, ba mu kuwa taɓa tambayar inda ta samo asali ba.

Ashe tsohuwar magana ce, ta girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Imamu Muslim ya ruwaito ta hanyar Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa wani dare wasu Sahabbai suna zaune tare da Manzon Allah (SAW) sai aka yi jifa da tauraro, ya haskaka. Ya tambaye su abin da sukan faɗa a zamanin Jahiliyya idan sun ga irin haka, suka ce sukan ɗauka an haifi wani babban mutum ne, ko kuwa wani babba ya mutu. Sai ya sanar da su cewa ba a yin wannan jifa don mutuwar wani ko haihuwarsa. Irin wannan gyara ya yi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abu biyun da juna. Ke nan tun farko addini ya tsinke igiyar da mutane suka ƙulla tsakanin abin da ke gudana a sama da ajalin ɗan Adam.

Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratul Mulk da Suratul Jinn da Suratus Saffat cewa ana jifan shaiɗanu masu satar ji da yula. Wannan gaibu ne, mun yi imani da shi yadda ya zo. Ɓangaren da ido da na'ura ke iya aunawa kuwa, masana falaki sun auna shi. Mafi yawan hasken nan ɓarɓashi ne, wani bai fi ƙwayar gero ba, wani ya kai tsakuwa, yana shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita gommai a daƙiƙa ɗaya, ya ƙone ƙurmus a nisan kilomita 80 zuwa 100 bisa kanmu. Wani ɓarɓashin daga taurari masu wutsiya yake, wani kuma ɓallewa ya yi daga duwatsun da ke kewaya rana, waɗanda Turawa ke kira astaroyid, mu kuma za mu kira su duwatsun falaki. Galibinsu suna tsakanin duniyar Mars da ta Jupita, wato Mirrihu da Mushtari a littattafan malamanmu. Wani girmansa bai wuce ɗakin kwana ba, wani faɗinsa ya kai ɗaruruwan kilomita.

Waɗannan duwatsu ba sa faɗowa don mutuwar kowa, amma dubbai daga cikinsu suna ɗauke da sunayen mutane, rayayyu da matattu. Wa ke raɗa sunayen, bisa wace ƙa'ida, kuma ina namu suke?

Yadda ake raɗa sunan

A gidajenmu jariri kan yi kwana shida ana kiransa jariri, ranar bakwai a taru, a yanka rago, liman ya yi addu'a, a sanar da suna. Dutsen falaki shi ma ba ya samun suna ranar da aka gan shi, sai dai nasa jiran shekaru ne, wani lokaci shekaru gommai.

Wanda ya fara hango shi yakan aika da awonsa zuwa wata cibiya da ke Kambirij ta jihar Massachusetts a Amurka, wadda ke riƙe da rajistar ƙananan halittun da ke kewaya rana a madadin Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, IAU, da aka kafa a 1919. Cibiyar takan ba dutsen lakabi na wucin gadi: shekarar da aka gan shi, sai haruffa biyu. An raba shekara gida 24, kowane rabin wata da harafinsa. A shi ne 1 zuwa 15 ga Janairu, B ragowar watan, C rabin farko na Fabrairu, D rabi na biyu, haka har ƙarshen Disamba. Harafi na biyu da lambar da ke biye da shi suna nuna matsayin dutsen a jerin waɗanda aka gano cikin wannan rabin watan. Idan muka ga 1998 DW23, mun san an gano shi a ƙarshen Fabrairun 1998. Mu riƙe wannan lakabi, za mu dawo kansa.

Daga nan sai a yi ta bibiyarsa shekara bayan shekara har a tabbatar da hanyar da yake bi, ta yadda ko ya ɓace wa ido za a iya lissafa inda zai ɓullo. Sai a lokacin ake ba shi lamba ta dindindin. Da samun lamba, wanda ya gano shi yana da shekara 10 ya gabatar da suna tare da taƙaitaccen bayanin dalili. Kwamitin masana daga ƙasashe daban-daban ya duba, ya kaɗa ƙuri'a, idan ya amince a buga sunan a mujallarsa, shi ke nan ya zauna. Duwatsun da aka sani yau sun haura miliyan ɗaya, fiye da rabinsu suna da lamba, amma waɗanda aka raɗa wa suna dubu 20 ne da 'yan kai. Saura duk jarirai ne masu jiran ranar suna.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Kada suna ya wuce haruffa 16, ya zama harshe na iya furta shi, kada ya zama zagi ko batsa, kada ya yi kama da wanda aka riga aka bayar, kada ya zama tallar haja. Ba a son sunan dabbar da mutum ke kiwo don sha'awa, kuma mai ganowa ba ya sa sunan kansa. Akwai wata ƙa'ida da ta fi burge mu: wanda aka fi sani da siyasa ko yaƙi, ba a sa sunansa sai ya shekara 100 da mutuwa. Mu da muka saba ganin ana cire allon sunan titi ko makaranta duk lokacin da gwamnati ta sauya, mun san hikimar wannan jira. Shekara ɗari ta isa ƙura ta lafa, maroƙa su yi shiru, aikin mutum ya tsaya da ƙafarsa ko ya faɗi.

Dutse na farko da aka gano, wani limamin Kirista kuma masanin falaki mai suna Giuseppe Piazzi ne ya hango shi daga Palermo ta ƙasar Italiya ranar 1 ga Janairun 1801, ya kira shi Ceres, sunan abar bautar Romawa ta noma. Waɗanda suka biyo baya, su Pallas da Juno da Vesta, duk daga wannan rumbu aka ɗebo su. Da sunayen gumaka suka fara ƙarewa sai aka koma ga garuruwa, da matan masu bincike da 'ya'yansu, daga bisani malamai da marubuta da likitoci. Ɗalibi na iya tambaya ko ambaton irin waɗannan sunaye na farko ya dace da Musulmi. Fatawa ta malamai ce, amma abin da muke gani shi ne lakabi daban, bauta daban. Janairu da Maris da muke rubutawa kullum a takardun makaranta daga sunayen gumakan Romawa suka fito, ba wanda ya nufi girmama gunki da su. Inda magana take shi ne ranar da zaɓin ya zo hannunmu.

Malamanmu da ke can

Wanda ya bi jerin sunayen a hankali zai yi ta karo da mutanen da ya sani daga darasin tarihi. Dutse mai lamba 2755 sunansa Avicenna, wato Ibnu Sina. Mai lamba 9936 Al-Biruni ne, 11156 na Al-Khawarizmi mai aljabara, 8318 na Ibnu Rushdi, wanda ɗaliban fiƙihun Malikiyya suka sani da Bidayatul Mujtahid. Lamba 59239 ta Ibnul Haisam ce, mai binciken haske da gani. Lamba 12621 kuwa ta Abdurrahman As-Sufi ce, wanda ya rubuta littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, littafin da ya taimaka sunayen Larabci irin su Aldabaran da Rijil da Famul Hut suka zauna a bakin masana falakin duniya har gobe. A fuskar wata ma akwai ramuka masu sunan Al-Battani da Az-Zarƙali da Al-Fargani, tun taswirar da Riccioli ya buga a Italiya a 1651.

Wanda ya fi kusa da mu yana duniyar Uɗaridu, wadda ta fi kowace kusa da rana. Can akwai wani wawakeken rami mai faɗin fiye da kilomita 120, kusan tafiyar Kano zuwa Rano sau biyu, da aka raɗa wa sunan Ahmad Baba na Tambutu a shekarun 1970. An haifi Shehin a 1556, ya rasu a 1627. Bayan rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591, an kama shi aka tafi da shi Marrakesh, ya yi shekaru a can yana karantarwa kafin a bar shi ya koma gida. Shi ne ya yi fatawar da ta lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Babban aikinsa kuwa, Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman Malikiyya ne, wato ya ƙarar da ƙarfinsa wajen adana sunayen wasu don kada su ɓace. Bayan shekara 350 sai ga mutanen da ba su san shi ba sai a takarda sun adana nasa a inda ba ruwa ba gara.

Mu koma ga 1998 DW23. A Faransa aka gano shi, ya sami lamba 35462, ya zauna ba suna har shekara 23. A 2021 aka raɗa masa Maramkaire, don karrama Maram Kaire na Senegal. Me ya yi? Hukumar NASA ta Amurka na bukatar sanin girma da siffar wasu duwatsu masu nisa kafin kumbonta ya isa gare su. Dabarar ita ce a jira lokacin da dutsen zai gifta ta gaban wani tauraro, hasken tauraron ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan an jera na'urorin hangen nesa a wurare daban-daban, kowace ta auna tsawon ɗaukewar hasken, sai a haɗa a fitar da siffar dutsen. A 2018 da 2020 da 2021 inuwar irin wannan giftawa ta bi ta kan Senegal, Maram Kaire ne ya jagoranci shirya masana da matasan ƙasarsa suka bazu cikin ƙauyuka da dare suka yi awon. Bai ƙera kumbo ba, bai mallaki babbar na'ura ba. Ya tara mutane ne ya koya musu duban sama da lissafi, a ƙasar da yanayinta da addininta da talaucinta ba su da nisa da namu.

Akwai kuma lamba 316201, wadda wata masaniyar NASA, Amy Mainzer, ta raɗa wa sunan Malala ta Pakistan a 2015 saboda fafutukar karatun 'ya'ya mata. Wata cibiyar bincike ta jami'ar MIT kuma ta ɗauki shekaru tana sa wa duwatsun da ta gano sunayen ɗaliban sakandare da suka yi fice a gasar kimiyya, har da malamansu. Malamin aji, wanda a wurinmu albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, a can ana rubuta sunansa a falaki.

Duwatsun da suka zo mana har gida

Sunayen ƙasar Hausa sun shiga littattafan wannan ilimi ta wata ƙofar daban. Dutsen da ya tsira daga ƙonewa ya faɗo ƙasa, ƙa'idarsa ba irin ta wanda ke sama ba ce: ba a sa masa sunan mutum, sunan wurin da ya faɗa ake ba shi.

Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami, a yankin Faskari ta Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu, wani abu ya daki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse wajen ƙafa biyu. Da aka haƙo sai ga dutse mai nauyin kimanin kilo 18. An kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna, daga baya yankuna masu yawa nasa suka watsu zuwa gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Sai bayan shekaru aka gane daga ina ya fito. Iskar da ta maƙale cikin ƙananan ƙwayoyin gilashi a jikinsa ta yi daidai da iskar Mars da kumbon Viking ya auna a 1976. Wato wani dutsen falaki ne ya daki Mars, ya tsinko yanki ya wurga shi sarari, ya yi ta yawo shekaru kusan miliyan 3 a ƙiyasin masana, sannan Allah Ya hukunta ya sauka a gonar Bakatsine. A 1996 aka liƙa ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi ya kewaya duniyar da ya baro. Babu ɗalibin ilimin duwatsun Mars a ko'ina a duniya da bai san kalmar Zagami ba, alhali mutane da yawa a Funtuwa ko Kano ba su taɓa jin labarin ba.

Jihar Kano ma tana da nata. Ranar 25 ga Afrilun 1971 duwatsu suka faɗo a Kabo, ta ƙasar Gwarzo, nauyin abin da aka tattara ya kai kilo 13 da ɗoriya. Shi wannan ɓallen dutsen falaki ne kai tsaye, irin wanda masana ke ƙiyasta shekarunsa da biliyan 4 da rabi, ya girmi duk wani dutse da ke tsaye a bayan garin Rano. Haka duwatsu suka faɗo a Mayo Belwa a 1974, Gujba a 1984, Maigatari a 2004, sunayen waɗannan garuruwa suka shiga rajista.

Wannan yana da amfani ga manomi. Idan aka ji ƙara aka tsinci baƙin dutse mai nauyi fiye da girmansa, mai ɓawo kamar an gasa shi, ba gatarin aradu ba ne, ba kuma maganin ƙarfe ko na farin jini ba. Kada a daka shi, kada a jiƙa a sha. A lura da rana da wurin da ya faɗa, a sanar da mai gari, a nemi sashen nazarin ƙasa na jami'a. Da wannan bayani ne ake rubuta sunan ƙauye a rajistar duniya, kuma dutsen da aka san asalinsa ya fi daraja ko a wajen masu saye.

Ƙofar da ke buɗe, da wadda ta ɓarayi ce

Duban sama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara da Gamzaki. Malaman zaure har yau suna lissafin taurarin damina, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara, kowane da kwana 13, manomi ya san lokacin shuka da lokacin da ruwa ke ja da baya. Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu: na sanin tafiyarsu don gane alƙibla da lokaci da hanya, wannan halal ne har ma abin nema, da na jingina musu tasiri a kan arziki da ajali, wannan shi ne aka hana. Katsina ta fitar da Muhammad Al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Abin da ya yanke mana shi ne ci gaba da awo da rubutawa.

A 2019, da IAU ta cika shekara 100, ta ba kowace ƙasa tauraro ɗaya da duniyar da ke kewaya shi ta raɗa musu suna. Na Najeriya aka kira tauraron Amadioha, daga al'adar Ibo, duniyar kuma Equiano, marubucin da ya fita daga ƙangin bauta ya yaƙi cinikin bayi da alƙalami. Ba ƙorafi muke yi ba. Wanda ya halarci wurin suna shi ake jin bakinsa.

Hanyar halarta kuwa ba ta bukatar babbar na'ura. Akwai shirin IASC, da aka fara a 2006 a wata jami'a ta jihar Texas, wanda ke aika wa makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai hotunan sama da na'urar Pan-STARRS ta Hawaii ta ɗauka, kyauta. Ɗalibai su buɗe hotunan a kwamfuta, su nemi ɗigon da ke motsi a tsakanin taurarin da ke tsaye, su aika da awonsa. Idan sabo ne, aka tabbatar da shi, ya kai ga samun lamba bayan wasu shekaru, ana ba su damar gabatar da suna. Matasa a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, suna shiga. Kwamfuta ɗaya da intanet da malamin kimiyya mai haƙuri sun isa wata sakandare a Rano ko Islamiyya a Kibiya ta gwada. Kuma idan an dace, sunan gari ya halatta kamar sunan mutum. Kibiya haruffa 6 ne, Autanbawo 9, Alkashinawi 11, duk ba su kai iyaka ba.

Amma a yi hattara da masu talla a intanet cewa a biya kuɗi a sa wa tauraro sunan mahaifi ko amarya, a aiko da takarda mai ado. IAU ba ta sayar da suna, ba ta kuma san da waɗannan takardu ba. Tauraron da aka sayar wa wani, gobe ana iya sayar wa wani.

Akwai ranar da ya kamata gidaje da makarantu su rubuta su ajiye. Daren Juma'a wayewar Asabar, 13 ga Afrilun 2029, dutse mai lamba 99942, wanda aka raɗa wa Apophis, sunan macijin ɓarna a tatsuniyar Masar ta dā, zai wuce a nisan kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda tauraron ɗan Adam na talabijin ke tsayawa. Faɗinsa wajen mita 340 ne. Da aka gano shi a 2004 an ji tsoron zai iya dukan duniya, amma awon da aka yi da na'urar rada a 2021 ya tabbatar ba zai taɓa mu ba, a wannan wucewa ko cikin shekara 100 masu zuwa. Bisa lissafi ranar za ta faɗo a ƙarshen Zulƙida na 1450, daidai lokacin da ake shirin duban jinjirin watan Zulhajji, don haka sama ba farin wata. Kafin ranar wayoyinmu za su cika da saƙonnin tashin duniya da mutuwar manya, sunan macijin kuma zai ƙara wa masu yaɗa su ƙarfi. Afirka ta Yamma na cikin wuraren da za a gan shi da ido ƙuru-ƙuru idan hazo ko hadari bai rufe sama ba, kuma rashin wutar lantarki da muke kuka da shi a ƙauyukan Rano da Kibiya a wannan dare alheri ne. Ba zai keta sama kamar kibiya ba. Ɗigon haske ne matsakaici, mai tafiya a hankali tsakanin taurari daga bayan sallar Isha'i, mafi kusantarsa kuwa wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare agogon Najeriya.